Zanen ginin asibiti: Sana'ar da ke ceton rayuka

A ƙarni na 19, kwanciya a asibiti kan zama sanadin ajali, domin majinyata na kamuwa da cututtuka a cikin ɗakuna masu cunkoso da ƙarancin iska.

A lokacin yaƙin Kirimiya, ma'aikaciyar jinyar nan ta Ingila, Florence Nightingale, wadda ta isa asibitin sojoji na Scutari a 1854, ta tarar cewa cututtuka sun fi raunukan fagen daga hallaka sojoji.

A littafinta na 1859 game da asibitoci, ta bayar da shawarar a riƙa gina dogayen ɗakuna masu tagogi a ɓangarorin biyu, ta yadda iska za ta ratsa. Bisa wannan tsari ne aka gina sabon asibitin St Thomas na birnin Landan, wanda aka buɗe a 1871.

Aikin mai zane

A yau zanen asibiti fanni ne mai zaman kansa. Kafin ya zana komai, masanin kan zauna da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi domin fahimtar yadda aikinsu ke gudana.

Shi ne ke tabbatar da cewa ɗakin tiyata bai yi nisa da sashen gaggawa ba, da kuma raba hanyar kayan aiki masu tsabta da ta shara. Haka kuma yakan tsara bututun iskar oksijin, da ɗakunan killace masu cututtukan da ke yaɗuwa ta iska.

Wani bincike da Roger Ulrich ya wallafa a 1984 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyata a wani asibiti na jihar Pennsylvania ta Amurka, masu hango bishiyoyi ta taga, sun riga masu kallon bango komawa gida, kuma ba su buƙaci magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi da yawa ba.

Darasi daga Ruwanda

A asibitin Butaro na ƙasar Ruwanda, wanda aka buɗe a 2011, kamfanin MASS Design Group ya fitar da hanyoyin wucewa zuwa waje, ya kuma dogara da iskar Allah domin rage yaɗuwar tarin fuka. Wannan dabara tana da amfani matuƙa a wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Hanyar shiga sana'ar

Matakin farko shi ne digiri a fannin zanen gine-gine, kamar wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Najeriya wajibi ne mutum ya yi rajista da hukumar ARCON kafin ya fara aiki da sunansa.

Ƙwarewa a fannin asibitoci kuwa, akasari ana samun ta ne ta hanyar ƙarin karatu, da kuma shafe shekaru ana aiki ƙarƙashin waɗanda suka goge a harkar.