Tallafin karatun lauya da ma'aikatan masana'antun Kano

A Najeriya, sai ɗalibi ya shafe shekara biyar a jami'a, ya ƙara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda cikin jihar Kano, kafin a rantsar da shi a matsayin lauya.

Ɗawainiyar waɗannan shekaru shida na daga cikin abin da ke tura sababbin lauyoyi ofisoshin manyan lauyoyi da bankuna da kamfanoni. Shi ya sa a wasu ƙasashe ake ware tallafi na musamman ga ɗalibin da ya zaɓi tsaya wa marasa galihu.

Masu buƙatar lauya

A yankunan masana'antu na Bompai da Sharada da Challawa, inda ake jimar fatu da sarrafa robobi da kayan abinci, doka ta tanadar wa ma'aikaci haƙƙoƙi da dama.

Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai kamfani ya bai wa ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da ɗaukarsa. Dokar biyan diyya ta 2010 kuma ta ɗora wa kamfanoni zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF, domin biyan wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, ita kaɗai ke da hurumin sauraren irin waɗannan ƙararraki tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010.

To amma leburan da ake biya kullum-kullum, wanda inji ya datse wa yatsu, ba shi da takardar ɗaukar aiki balle kuɗin lauya, alhali kamfani na da nasa lauyan a ajiye.

Haka lamarin yake ga manoman rani da ke ban ruwa daga kogunan Challawa da Jakara, waɗanda dagwalon masana'antun jima ke kwarara cikinsu. Shari'ar gurɓata muhalli tana cin lokaci, tana kuma buƙatar shaidar ƙwararru.

Tanadin da ake da shi a gida

Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ita ce mafaka ta farko. Dokar 2011 ta ba ta ikon karɓar ƙarar diyyar haɗari a wurin aiki, amma bisa ƙa'ida sai ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata tun daga 2024.

Hukumar na amfani da lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima a ƙarƙashin NYSC. Wannan shi ne mafi kusa da tallafin aikin jama'a da sabon lauya ke samu a Najeriya, sai dai shekara guda ce tak, kuma sau da yawa yakan kammala hidimar kafin a yanke hukunci.

A jami'o'i kuwa, ƙungiyar NULAI da aka kafa a 2003 ta yaɗa cibiyoyin da ɗalibai ke ba da shawarar shari'a kyauta, kuma Jami'ar Maiduguri na cikin na farko. Galibin aikinsu ya karkata ne ga masu jiran shari'a a gidajen yari, kuma ɗalibi ba shi da ikon tsayawa a gaban alƙali.

Marigayi Gani Fawehinmi, wanda ya rasu a 2009, ya daɗe yana ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan talakawa daga aljihunsa. Asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 kuwa rance yake bayarwa, ana soma biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ba tare da duba irin aikin da mutum ya zaɓa ba.

Kusan dukkan wannan tallafi na karatu ne. Da zarar an kammala, batun albashi ya koma kan lauyan.

Yadda ake yi a waje

A Amurka, albashin ne ake biya. Gidauniyar Skadden, wadda wani kamfanin lauyoyi ya kafa a 1988, tana biyan sabon lauya na tsawon shekara biyu ya yi wa talakawa aiki a ƙarƙashin wata ƙungiya. Wata dokar 2007 kuma ta yafe ragowar bashin karatu ga wanda ya yi biya sau 120, wato shekara goma, yana aikin jama'a.

'Yan Najeriya dai kan nemi gurbin digiri na biyu a fannin haƙƙin bil'adama a Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu, shirin da aka soma a 2000, ko tallafin Chevening na Birtaniya, wanda ke sharɗanta komawa gida na aƙalla shekara biyu. Duka biyun na masu digiri ne.

Babbar lambar girma ta lauyoyin Najeriya, wato SAN, ta sanya yin shari'a kyauta cikin sharuɗɗanta. Sai dai ba a neman ta sai mutum ya shekara goma da zama lauya.