Daga kwal ɗin Anu Araren zuwa na'urar da ke turo saƙo

Jama'a, tun 1981 tashar Sonichar ta Anu Araren ke ƙona kwal tana ba Arlit, Agadas da Cirozerin wuta. Wannan aikin gwamnati ne da manyan kamfanoni. Amma akwai tarihin ƙananan na'urori wanda talaka ma yana da rabo a ciki.

A 1992 aka tura SMS na farko a Ingila, daga kwamfuta zuwa salula. A 2005 wasu malamai a Italiya suka fito da Arduino, ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, kamar tafin hannu. In ka haɗa masa abin auna ruwa da abin sa katin SIM, shi da kansa zai turo maka rubutu: ruwan rijiya ya ja, ko famfo ya tsaya.

Nan Nijar ma, Abdou Maman Kané ya ƙera ban ruwa ta salula, har ya ci kyautar Hassan II a 2015.

Mu da garakenmu na albasa ke nesa da gari, saƙo guda zai rage mana kuɗin man babur. Yaranmu masu gyaran salula za su iya. Wa zai sayo musu kayan koyo?