Yadda ake auna waƙar Hausa: misali daga Imfiraji

Rubutacciyar waƙar Hausa tana tsaye ne a kan abubuwa uku: tsarin baiti, amsa-amo da kari. Sanin su ne ke raba waƙar da ta tsaru da wadda ta karye, ko a Zariya aka rera ta ko a unguwar Hausawa ta New Bell a Douala. Misali mai kyau shi ne Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya (1894–1990), makahon malamin da waƙoƙinsa suka bazu a ƙasar Hausa da wajenta.

Tsarin baiti: ana kiran kowane layi ɗango. Baiti mai ɗango biyu shi ne ƙwar biyu, mai huɗu ƙwar huɗu. Imfiraji ƙwar biyar ce.

Amsa-amo iri biyu ne. Ƙarami, wato na ciki, yana haɗa ɗangwaye huɗun farko, kuma yakan sauya daga baiti zuwa baiti. Babba, wato na waje, yana zuwa a ƙarshen ɗango na biyar, ba ya sauyawa har waƙa ta ƙare. A Imfiraji gaɓar "ba" ce.

Kari kuwa shi ne inda wanda ya yi boko da Faransanci ya fi samun tuntuɓe. Faransanci yawan gaɓoɓi yake ƙirgawa, kamar 12 a layin alexandrin. Hausa nauyinsu take aunawa, bisa ilimin aruli da Khalil bn Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Gaɓa mai gajeren wasali marar nauyi ce. Mai dogon wasali, ko wadda ta ƙare da baƙi, mai nauyi ce. A kalmar "gida", "gi" marar nauyi ce, "da" mai nauyi. Masana na sanya Imfiraji a karin ramal, mai ƙafar fa'ilatun: mai nauyi, marar nauyi, sai masu nauyi biyu.

Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mazauni da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, amma gaɓar farko ta na tuwo ce kaɗai mai nauyi. Ajami yana bambanta su. Saboda haka wanda ya tashi a Kamaru yana karanta Hausa da ido kawai zai iya ɗaukar ɗango lafiyayye a matsayin karyayye. Maganin shi ne a rera baitin da murya, ko a saurari dattijon da ya haddace shi, kafin a yanke hukunci.