Gadar Kennedy da Bashin da ke Wuyan Ɗalibi

Akwai masu cewa ɗalibin jami'a ba ya motsi sai an taɓa aljihunsa. Ni dai tarihin ƙasarmu Nijar ya nuna mini cewa maganar ta fi haka zurfi, domin aljihun ɗalibi a nan bai taɓa zama nasa shi kaɗai ba.

Tun a 1960, shekarar samun ƴancin kai, aka kafa ƙungiyar ƴan makaranta ta USN, alhali ƙasar ba ta da jami'a ko ɗaya. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973, daga baya aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni. Da yawa daga waɗanda suka cika azuzuwanta ƴaƴan manoma ne da makiyaya. A wani ƙauyen, yaro guda ne kacal zai kai wannan matsayi, kuma kowa ya sa masa hannu: wani kuɗin mota, wata ƙunshin ƙuli-ƙuli. Idan kuɗin alawus ya fito, a ciki za a sayi buhun hatsi a aika gida, a ɗinka wa ƙanne tufafin makaranta.

Shi ya sa lokacin da gwamnatin Janar Ali Saibou ta karɓi tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya, wanda ya shafi alawus da ɗaukar ma'aikata, ɗalibai ba su ɗauke shi matsalar harabar jami'a ba. Ranar Juma'a, 9 ga Fabrairu 1990, suka taso daga Harobanda za su tsallaka gadar Kennedy zuwa tsakiyar birni. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta mara musu baya, kuma kafin shekarar ta ƙare, shugaban ƙasa ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, da wakilan USN a ciki, malamin tarihi André Salifou yana shugabanta. Abin da ya faro da kukan alawus ya ƙare da sauya tsarin mulki.

Sai dai ba a kan titi kaɗai ake biyan wannan bashi ba. Har yau, idan damina ta faɗi aka tafi dogon hutu, ƙungiyoyin ɗalibai ƴan asalin gari ɗaya suna komawa gida su buɗe darussan hutu, su share asibiti, su dasa itatuwa. Ni kaina a irin wannan aji na fara fahimtar lissafi, a hannun wani yaya da ba a biya shi ko dala ba.

Don haka nake ganin hatsarin da ke gabanmu ba lalacin matasa ba ne. Hatsarin shi ne ranar da karatu zai zama na mai kuɗi kaɗai, ɗalibi ya kammala yana jin babu wanda ya yi masa komai. Wanda bai ci bashi ba, me zai sa ya biya?