Kakum: Gadar Sama da Masu Karanta Sawu

A shekarar 1931 Turawan mulkin mallaka suka keɓe kurmin Kakum, arewa da Cape Coast a ƙasar Ghana, domin kare mafarin kogin da garin ke sha. Ba baƙi suke hange ba a lokacin, kuma keɓewar ba ta hana 'yan katako sarar manyan itatuwa ba har zuwa 1989. Sai a 1992 aka mayar da wurin gandun daji na ƙasa, sannan a 1995 aka ɗaura gadar nan ta igiya da katako a tsakanin kawunan bishiyoyi, da taimakon ƙungiyar Conservation International da kuɗin gwamnatin Amurka. Gadoji bakwai ne a jere, tsawonsu ya haura mita 300. Da su sana'armu ta ja-gorar baƙi ta samu gindin zama, da su kuma ta fara rasa wani abu.

Gadar ta kawo jama'a, wannan ba a musu. Motocin 'yan makaranta da na masu yawon buɗe ido da suka gama kallon tsoffin gidajen bayi na Cape Coast da Elmina suna cika filin ajiye motoci. Amma yawancinsu sa'a guda suke yi: su hau, su yi ihu, su ɗauki hoto, su tafi. Da yawa kan fita suna ƙorafin ba su ga dabba ko ɗaya ba, wasu ma su ce an cuce su, tunda a gandun dajin Mole da ke arewa giwa na fitowa fili kowa ya gan ta. Ƙorafin yana da tushe, sai dai ya jahilci halin kurmi. Giwar kurmi ƙarama ce, mai gudun mutane, ganye kuma na rufe ta ko tana kusa da kai. Tsuntsaye, waɗanda nau'insu ya haura 250, da birai duk da asuba suke motsi, kafin hayaniya ta tashi. Saboda haka dukiyar wurin tana bakin ja-gora, wanda zai tsaya ya nuna maka sawu a laka, da ɓawon itacen da giwa ta saɓe, da tsiron da ya fito cikin kashinta, ya bayyana maka cewa ita ke shuka wasu itatuwan kurmin. Wanda ya bi shi yawon sassafe ko ya kwana a ɗakin kan bishiya shi ne ya ga Kakum.

Akwai suka mafi nauyi daga ƙauyukan kewaye. An hana su farauta da tsintar dodon koɗi da ɗiban saiwoyin magani, ga giwaye na fitowa da dare suna cinye rogo da masara, suna ɓarna a gonakin koko. An koya wa manoma ɗaura tsumman barkono a shingen gona, yana kuwa rage ɓarna, amma ba ya biyan asara. Mai gona yana da gaskiya idan ya tambayi inda kuɗin tikiti ke zuwa. A ganina wannan ma hujja ce ta fifita ja-gora a kan gada: igiya ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa, yawon ƙasa kuwa yana buƙatar mutanen da suka tashi a bakin kurmin, 'ya'yan maharba da masu magani, kuma albashinsu ƙauyen yake komawa.