Likitan Da Ya Bi Sawun Annoba A Birnin Landan

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 1854 annobar amai da gudawa ta faɗa wa wata unguwa ta birnin Landan da ake kira Soho. Cikin kwana 10 mutum wajen 500 suka mutu. A zamanin nan galibin likitocin Ingila sun ɗauka mugun wari ke kawo ciwon.

Wani likita, John Snow, bai yarda ba. Abin da muke so ku lura da shi, samari, shi ne dabararsa. Ya karɓi sunayen mamata, ya bi gida gida yana tambaya inda suke ɗiban ruwa. Sai ya tarar yawancinsu rijiya guda suke sha, mai famfo, a titin Broad. Ma'aikatan wani gidan giya na titin, da ba su sha daga famfon, ciwon bai kama su ba. Wata tsohuwa kuwa can nesa a Hampstead ta mutu, ashe ruwan famfon nan ake kai mata don tana jin daɗinsa.

Ran 8 ga Satumba hukumar unguwa ta sa aka cire hannun famfon. Kada mu ce wannan kaɗai ya kashe annobar, gama mutane sun riga sun gudu, ta fara lafawa. Daga baya binciken wani limamin coci, Henry Whitehead, wanda da fari ya musa wa Snow, ya sa aka tona. Aka ga ramin masai na wani gida ke tsiyaya cikin rijiyar, tsakaninsu bai kai ƙafa 3 ba.