Tiyatar Yoyon Fitsari na Yunƙuri ga Maza: Nazari a kan Makullin Roba da Majanyi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyi biyu da likitocin tiyata suke bi wajen magance fitsarin da ke kubce wa namiji yayin yunƙuri, wato makullin roba da majanyi, tana kuma kafa hujja da cewa zaɓi tsakaninsu ya rataya ne a kan yawan yoyon, da tarihin jinyar majiyyaci, da ƙarfin hannunsa da hankalinsa.

Muƙaddima

Abin da ake nufi da yoyon yunƙuri shi ne fitsari ya zubo ba da nufin mai shi ba yayin da ya yi tari, ko atishawa, ko ya ɗaga kaya, ko ya miƙe daga zaune, saboda tsokar da ke tsuke bututun fitsari ta yi rauni. Galibi wannan lalura tana samun namiji ne bayan an cire masa furostet saboda ciwon daji, domin kuwa tsokar tana maƙwabtaka da gaɓar da ake cirewa, wuƙa kuwa, kome ƙwarewar mai riƙe da ita, takan taɓa ta ko jijiyoyinta. Fuƙaha'u sun daɗe da yi wa mai salisul bauli, wato mai yoyon fitsari, rangwame, har Risala ta Ibn Abi Zaid ta sanya alwalarsa ga kowace salla a babin mustahabbi. Amma rangwamen shari'a bai ɗauke wa dattijo ƙuncin da yake ji ba sa'ad da ya ɗago daga sujada ya ji danshi a wandonsa, har ya fara janye jiki daga sahu da zaman majalisa.

Ba a gaggauta tiyata. Akan fara da motsa tsokokin ƙasan mara, irin wanda Arnold Kegel ya bayyana a 1948, domin yawancin maza suna samun sauƙi cikin shekarar farko. Ƙa'idar da Ƙungiyar Likitocin Mafitsara ta Amurka ta fitar a 2019 ta yarda a yi maganar tiyata daga wata shida idan babu alamar ci gaba. Kafin tiyata wajibi ne a leƙa bututu da mafitsara da madubin likita, a kuma ƙiyasta yoyon ta hanyar auna nauyin ƙunzugun da majiyyaci ya jiƙa cikin yini da dare.

Makullin Roba

A shekarar 1972 ne Brantley Scott, tare da William Bradley da Gerald Timm, suka fara dasa wannan na'ura a birnin Houston na Amurka, samfurin da ake kira AMS 800 kuwa ya fito a 1983, kuma har yau da shi ake gwada sauran. Sassansa uku ne: ƙawanya mai cike da ruwa wadda ake naɗa wa bututun fitsari ta tsakanin maraina da dubura, da ƙaramin famfo da ake ɓoyewa cikin jakar maraina, da balan-balan da ake ajiyewa a ƙasan ciki don daidaita ƙarfin matsi. Idan majiyyaci ya so kama ruwa, sai ya riƙe famfon da yatsu ya matsa shi 'yan lokuta, ruwan ƙawanya ya koma cikin balan-balan, hanya ta buɗe. Bayan 'yan mintuna ruwan ya dawo da kansa, hanya ta sake rufewa. Akan bar na'urar a kashe kamar mako shida bayan aiki, har rauni ya warke.

Fa'idarsa a bayyane take ga mai yoyo mai tsanani, da wanda aka yi wa gashi da hasken radiyeshan. Sai dai duk na'ura tana da ajali: ƙwayoyin cuta kan kama ta, ƙawanya kan ci naman bututu har ta huda shi, bututun kan sirance a ƙarƙashin matsi, ruwa kuma kan tsiyaye, kowanne daga cikin waɗannan yana iya mai da mutum ɗakin tiyata. Wanda hannunsa ke karkarwa, ko mantuwar tsufa ta fara kama shi, bai kamata a ɗora masa wannan amana ba.

Majanyi

Majanyi tsiri ne na ragar roba da ake shimfiɗawa ƙarƙashin bututu don ya tallafe shi ya mai da shi mazauninsa, kamar samfurin AdVance da Rehder da Gozzi suka bayyana a 2007. Ba shi da famfo, majiyyaci ba ya matsa kome, abin da ya sa da yawa suke karkata gare shi; amma amfaninsa yana raguwa ƙwarai ga mai yoyo mai yawa da wanda ya sha gashi.

Tattaunawa

Gwajin MASTER na Birtaniya, wanda aka buga a 2021, ya raba maza 380 ta hanyar ƙuri'a tsakanin hanyoyin biyu, sai aka tarar bayan shekara guda majanyi bai gaza makulli ba bisa babban ma'aunin da aka gindaya, ko da yake ƙananan ma'aunai sun fi rinjaya ga makulli. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, a ganina, shi ne cewa bisa tsattsauran sharaɗin gwajin fiye da kashi 80 cikin ɗari na kowane ɓangare ba su rabu da ɗigo gaba ɗaya ba, alhali kuwa mafi yawansu sun bayyana gamsuwa. Haƙƙi ne a kan likita, ke nan, ya gaya wa majiyyaci tun farko cewa abin da ake fata shi ne yoyo ya ragu har ya iya halartar jam'i da kasuwa cikin natsuwa, kada ya yi masa alkawarin bushewa ƙayau.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi mutanenmu da ake yi wa aikin a ƙasashen waje su dawo gida: idan wata rashin lafiya ta kai mai makulli asibitin da ba a san yana ɗauke da shi ba, aka zura masa robar fitsari ƙawanya tana rufe, ana iya raunata bututun har dole a cire na'urar ɗungurungum. Saboda haka ya wajaba ya riƙa yawo da kati mai bayanin abin da ke jikinsa, a kuma koya masa da ɗaya daga cikin iyalinsa yadda ake kashe famfon kafin a sa robar.